Tambaya da Amsa: Na sayi sifiku masu kyau amma sautin ya ƙi zama a ɗakina

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka taru yawancinsu kan kayan sauti ne na gida, toh sai na tsamo waɗanda suka shafi juna na jera su wuri ɗaya, dan amsar wani zata yi wa wani amfani. Na ɗan taƙaita wasu saboda fili.

TAMBAYA: Malam barka da ƙoƙari. Na daɗe ina tara kuɗi har Allah yasa na sayi amfilifaya da sifiku guda biyu na hannu masu kyau. A shago da mai kayan ya kunna min wallahi ji nayi kamar mawaƙin yana tsaye a gabana, amma da na kawo gida komai ya cakuɗe, sautin duk ta dama yake zuwa kuma in na ƙara murya sai hayaniya kawai. Ɗakina sha biyu sha biyu ne, tayil a ƙasa, sama POP. Sifika ɗaya tana lungu kusa da kujerar da nake zama, ɗayar na ɗora ta kan sif saboda yara. Anya ba canja min kaya akayi ba?
Daga wani mai karatu a Kano

AMSA: Ɗan'uwa kwantar da hankalinka, bana jin an canja maka komai, bayanin da kayi da bakinka ya isa ya nuna inda matsalar take. Kayan da kaji a shago sune dai a ɗakinka, abinda ya canja shine inda aka ajiye su da inda kai kake zama da kuma bangon da ya kewaye ku.

Bari in fara da yadda sitiriyo, wato sautin sifiku biyu hagu da dama, yake aiki dan in ka gane wannan sauran duk mai sauƙi ne. Ƙwaƙwalwa tana gane inda sauti ya fito ne ta abu biyu, wane kunne ne ya riga ji, kuma wane kunne ne ya fi jin ƙarfinsa. Tazarar lokacin tsakanin kunnen dama da na hagu bata ma kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba amma ƙwaƙwalwa tana kama ta, ikon Allah kenan. Wani injiniya ɗan Ingila mai suna Alan Blumlein da yake aiki a kamfanin EMI shine ya yi rajistar dabarar sitiriyo a 1931, kuma abinda aka ce ya tunzura shi shine a silima yana ganin ɗan wasa a wani gefen majigi amma muryarsa tana fitowa ta wani gefen daban. Dabarar ita ce, in sifiku biyu suka fitar da murya ɗaya da ƙarfi ɗaya kuma ta iso kunnuwanka a tare, sai ƙwaƙwalwa ta dasa muryar a tsakiyarsu, a fili inda babu sifika ko ɗaya. Daga nan mai haɗa sauti a situdiyo sai ya ɗan karkata kalangu hagu, ya kai fiyano dama, ya tura 'yan amshi baya kaɗan, ya bar mawaƙi a tsakiya. Duk wannan tsarin yana cikin waƙar da ke wayarka, shine kaji a shago har ya burge ka.

Toh ga inda naka ya lalace. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a sakan ɗaya, wato santimita 34 a kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Masu bincike, cikinsu har da wani Bajamushe Helmut Haas a 1949, sun nuna cewa in sauti iri ɗaya ya zo ta wuri biyu, kunne yana bin wanda ya riga isowa ne ya ce daga can abin yake, ko da na biyun yana da ƙarfi. Kaga in sifika ɗaya ta fi ɗayar kusa da kai da ƙafa ɗaya da ɗoriya kacal, muryar ta bar tsakiya ta koma cikin ta kusan. Kai kuma taka ɗaya tana gefen kunnenka ɗaya tana can saman sif, bambancin ai ya wuce mita, ta ina murya zata zauna a tsakiya?

Abinda zakayi, ka ɗauki kanka da sifikun nan biyu kamar duwatsun murhu guda uku, tazarar kowanne da ɗan'uwansa iri ɗaya. A ɗaki sha biyu sha biyu, wanda kowane gefensa kusan mita 3.6 ne, ga inda zaka fara: ka jera su duka a bango ɗaya, fuskar kowacce ta yi kamar rabin mita daga bangon da ke bayanta, tsakaninsu mita 2, kaga kowacce zata bar kusan santimita 80 tsakaninta da bangon gefe. Kai kuma ka jawo kujera ta yadda daga kanka zuwa kowacce sifika mita 2 ne. Dan Allah kar ka auna da ido, ido yana yaudara a nan. Ka ari tef ɗin tela, ko ka samu igiya ka ɗaura a saman kujerar daidai inda kanka yake, ka ja ta zuwa sifikar hagu kayi ƙulli, ka juya da ita zuwa ta dama, ƙullin nan dole ya sauka a wuri ɗaya. In ka gama ka sa alama da salatif a kan tayil ɗin, dan ranar da aka yi shara aka gusar da su ka san inda zaka mayar.

Sai tsayi. Ƙaramar sifikar nan ta sama da masu gyara suke ce wa tuwita, ita ke fitar da siririn sauti, kuma siririn sauti miƙewa yake yi ba ya bazuwa sosai, dan haka ta zama daidai kunnenka in kana zaune. A kan kujera kusan santimita 90 zuwa mita 1 ne daga ƙasa, in kuma a kafet kake zama ka jingina da tumtum toh sai ka sauko da su. Maganar yara kuma gaskiyarka ne, sifika in ta faɗo wa yaro ba ƙaramin abu bane, amma maganinta ba saman sif ba. Ka je wajen mai walda ya yi maka ƙafafu guda biyu na bututun ƙarfe mai faffaɗan gindi, a cika bututun da busasshen yashi yayi nauyi, a ɗaure sifikar a kai.

Daga nan ka juyo fuskokinsu su kalle ka. Ka kunna abinda murya ɗaya ce zalla, labaran rediyo ko karatu ko wa'azi ko ma saƙon murya na WhatsApp, ka rufe ido ka nuna da yatsa inda kaji mai maganar yake. In yatsanka ya nuna tsakiya cak, ka samu. In kaji muryar ta baje ba ka iya nuna ta, ƙara juyo su ciki kaɗan. In kuma kana jin sifikar hagu daban ta dama daban tsakiya ba kowa, sun yi nisa da juna, matso da su. Kaɗan kaɗan ake yi, faɗin tafin hannu, ka zauna ka saurara, ka sake. Hayaniyar da kake ji in ka ƙara murya kuwa aikin tayil ne da bangon siminti, ka karanta amsar da na ba ɗan'uwanmu na Jos a ƙasa, amma tun yanzu ka shimfiɗa kafet mai kauri tsakaninka da sifikun, in da teburin gilas a tsakiya ka janye shi gefe lokacin da kake sauraro.

TAMBAYA: Sallama. Mun yi fenti aka kwance wayoyi aka mayar, tun ranar bes ya gudu, kuma sautin wani iri nake jinsa kamar a cikin kaina ko ta bayan kunne, har ya kan dame ni. Duka sifikun suna yi. Ko amfilifayar ce ta fara mutuwa?
Daga wani malamin makaranta a Gusau

AMSA: Malam kafin ka kai ta wajen mai gyara leƙa bayanta. Alamun nan biyu da ka faɗa, bes wato sauti mai kauri ya ragu kuma sauti ya rasa wurin zama, kusan kullum waya ce aka juya a sifika ɗaya, ja ya tafi wajen baƙi baƙi ya tafi wajen ja. In haka ta faru, lokacin da fatar sifikar hagu take turowa waje ta dama tana ja ciki, sai su dinga kashe wa juna ƙarfi, kuma bes ne ya fi shan wahala. Ka kashe amfilifaya ka cire ta daga wuta, ka bi kowace waya da hannu daga farko har ƙarshe, ja zuwa ja, baƙi zuwa baƙi, a duka ɓangarorin. In wayar kala ɗaya ce ka duba da kyau, yawanci silin ɗaya yana da layi ko rubutu a jiki ko ɗan tudu da zaka ji da yatsa. In babu ko ɗaya, cire wayar daga amfilifaya ka samu batirin rimot mai 1.5, ka ɗan taɓa bakin wayoyin biyu a kansa taɓawa ɗaya ka ɗauke, wani yana kallon babbar fatar sifikar. In ta turo waje, silin da ke kan alamar tarawa ta batirin shine na ja, sai ka ɗaura masa zare. Kayi wa ɗayar haka. Taɓawa kawai fa, kar ka riƙe, kuma wannan gwajin na sifikun da ba su da wutar kansu ne.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni amarya ce, cikin kayan ɗakina akwai hom tiyata mai sifiku biyar da babbar wufa. Masu jere sun jera su duka a kan teburin talabijin, sunyi kyau sosai, amma maigida yace ɓarnar kuɗi ce dan bai ji bambancinta da rediyo ba. Ni kuma gaskiya bana son wayoyi su ɓata min falo. Ya zanyi?
Daga wata baiwar Allah a Zariya

AMSA: Amarya Allah ya ba da zaman lafiya ya kawo zuri'a ɗayyiba. Maigida yana da gaskiya a abinda kunnensa ya ji, amma kayan ba ɓarna bane, jeren ne ya danne su. Masu jere kyan gani suke dubawa kuma aikinsu kenan, sai dai sifiku biyar da aka tara a faɗin mita ɗaya duk ta wuri ɗaya sautinsu zai iso miki, shi yasa ya zama kamar rediyo.

Ki juya bayan kowacce zaki ga haruffa, ko a jikinta ko a inda wayarta take shiga. Mai C ita ce ta tsakiya, ita ke ɗauke da yawancin maganar 'yan fim, ki bar ta daidai ƙarƙashin talabijin amma ki jawo ta bakin teburin kar ta maƙale can ciki. FL da FR na gaba ne hagu da dama, su fita daga kan teburin su buɗe, tazararsu ta yi kusan daidai da nisan kujerarki da talabijin. SL da SR su ne na kewaye, wurinsu gefen kujera ne a ɗan baya kaɗan, sama da kan mai zama da kaɗan. Wufa kuma, wato babbar nan mai fitar da bes, a ƙasa, kuma ita bata da rigimar hagu ko dama sosai dan sautin da ya yi ƙasa da wajen 80 Hz (Hz ma'aunin kaurin sauti ne, in lambar tayi ƙasa sautin mai kauri ne) kunne ba ya iya nuna inda ya fito, dan haka ki ajiye ta inda ba zata tare hanya ba. Abu ɗaya dai, kar ki manna ta da sho gilas. In wufa ta buga kika ji wani zirr zirr yana bin kiɗan, yawanci ba ita bace, farantai da kofuna ne suke karo da juna a ciki, ko tagar alminiyam, ko silin roba. Ki bi ɗakin kina dafa abubuwa da tafin hannu, wanda kika dafa ƙarar ta tsaya shine, sai ki sa masa ɗan ƙyalle ko soso a tsakani.

Wayoyi kuma akwai farar robar nan da masu wayarin suke mannawa a gindin bango waya ta bi ta ciki a rufe, in aka bi da ita ta bayan kujeru da labule ba wanda zai lura. In kin ga na bayan zasu yi wahala ki fara da na gaba ukun kawai, ko wannan ma maigida zai ji bambanci daren farko. Kuma ki sani in da jajayen da fararen filogin nan biyu aka haɗa talabijin da na'urar, hanya biyu ce kawai take shiga, hagu da dama. Cikakken sautin hanya biyar sai ta HDMI ko wayar haske, kuma sai in fim ɗin da haka aka haɗa shi, yawancin abinda muke kallo a YouTube hanya biyu ne, dan haka in na bayan basu cika magana ba kar ki ɗauka sun lalace.

TAMBAYA: Yallaɓai ina da ɗan ɗaki da nake jin kiɗa kuma ina koyon haɗa sauti a kwamfuta. Ɗakin amsa kuwwa yake yi sosai kuma maƙwabcina ya fara ƙorafi. Abokaina sunce in tara kiret ɗin ƙwai in manne bango duka, wasu sunce soson katifa ya fi. Wanne zan saka?
Daga wani matashi a Jos

AMSA: Ƙanena kar ka saka ko ɗaya a yadda suka faɗa maka, kuma ina roƙonka ka karanta wannan har ƙarshe dan akwai maganar rai a ciki. Matsala biyu ka haɗa kuma maganinsu daban daban ne. Ɗaya amsa kuwwa a cikin ɗaki, ɗaya fitar sauti zuwa gidan maƙwabci.

Kiret ɗin ƙwai takarda ce 'yar siririya, siffarsa ce kawai ta yi kama da abinda ake gani a situdiyo. Ɗan abinda yake sha kaɗan ne kuma a wani yanki na sauti kawai, bes kuwa wucewa yake abinsa. Ga shi yana tara ƙura da kyankyasai, ga shi makamashi ne. Soson katifa ya ma fi shi haɗari dan in ya kama wuta yana ci da sauri kuma hayaƙinsa guba ne. A 2003 a jihar Rhode Island ta Amurka wani gidan rawa mai suna The Station ya kama wuta, soson da aka manna a bango dan rage ƙara shine ya kama ya bazu cikin 'yan mintuna, mutum 100 suka mutu. Kai kuma ɗakinka akwai soket da caja da wayoyin da wuta take zuwa musu yadda ta ga dama, in an kawo da ƙarfi wani lokacin har tartsatsi. Kar ka lulluɓe bangon da kake kwana a cikinsa da soso.

Ga abinda yake aiki. Fara tsayawa a tsakiyar ɗakin ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi, in kaji wani tirrr ya biyo baya, sauti ne yake kai da kawowa tsakanin bango biyu masu santsi da suke kallon juna. Maganinsa abu mai laushi mai kauri wanda iska take iya shiga cikinsa. Ilimin nan ma da matasan kujera aka fara shi, a 1895 jami'ar Harvard ta ba wani matashin malamin kimiyya Wallace Sabine aikin gyara wani ɗakin lacca da in anyi magana sai ta yi sama da sakan 5 tana yawo, shi kuma ya dinga kwaso matasan kujerun wani ɗakin taro na kusa da dare yana jerawa yana auna yadda amsa kuwwar take raguwa, daga nan ya fitar da lissafin da har yau ake amfani da shi. A ɗakin zama irin namu abinda ake so sauti ya mutu cikin ƙasa da rabin sakan.

Kuma ba duka bango ake rufewa ba, in ka rufe duka da abu siriri sai ka kashe siririn sauti ka bar bes yana gurnani, ɗakin ya zama dum. Wuraren da suka fi ɓata sitiriyo su ne inda sauti yake fara dukan bango ya dawo kunnenka jim kaɗan bayan na asalin, shi yake sa ka kasa nuna inda kowane kayan kiɗa yake. Nemo su ba wuya. Zauna a kujerarka, abokinka ya ɗauki madubi ya manna a bangon gefe daidai tsayin kunnenka ya dinga jan sa a hankali, duk inda ka hango sifika a cikin madubin ka ce ya tsaya ya sa alama da alli. Kuyi bangon hagu kuyi na dama. Nan ne zaka sa abin shan sauti. Kafin ka kashe ko sisi jingina katifarka a wurin na ɗan lokaci ko ka rataya bargo mai kauri ninki biyu, ka kunna waƙar da ka sani sosai, zaka ji murya ta tattaru wuri ɗaya. In ka gamsu sai ka sa kafinta ya yi maka firam na katako santimita 60 da 120, kaurinsa 10, a cika shi da audugar dutsen nan rokwul da ake sawa a gini dan tare zafi, ita bata cin wuta da sauƙi, a rufe da yadin da in ka hura iska da baki tana wucewa. Wajen aikin ka sa safar hannu da takunkumi dan tana ƙaiƙayi. Guda huɗu zuwa shida sun isa ƙaramin ɗaki. Labule mai nauyi mai tattara a taga, kafet a ƙasa, kantar littattafai a bangon baya, duk suna taimakawa kuma ba wanda zai ce ɗakin ya zama wani iri.

Shi kuma maƙwabci, duk waɗannan ba zasu hana sauti isa gare shi ba sai kaɗan. Abinda yake tare sauti nauyi ne da toshe kafa, ƙofa mai nauyi, roba a ƙasan ƙofa da gefen taga, toshe ramin da ke tsakanin silin ɗinku in gini ɗaya ne. Bes kuwa ta cikin bulo da daɓe yake bi, ba abinda zaka manna ya tsayar da shi. Ka rage shi bayan isha'i, aikin dare ka yi da abin kunne, kuma ka je ka same shi ku yi magana ya faɗa maka lokacin da ya fi damunsa, haƙƙinsa ne.

TAMBAYA: Barka da aiki. Falona mita 4 ne da mita 5. In na zauna a kujerar da ke jikin bango bes har ƙirjina yake duka ya rufe murya, in na tsaya a tsakiyar falon kuma sai in neme shi in rasa. Na murɗa maɓallin bes har ƙarshe ba abinda ya canja a tsakiyar. Wace wufa zan ƙara saya?
Daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi

AMSA: Alhaji riƙe kuɗinka tukuna. Wannan abin da ka lura da shi kowane ɗaki mai bango huɗu yana da shi. Sautin bes dogo ne, na 100 Hz tsawon zangonsa ya kai mita 3.4, toh in tsawon ya dace da tsawon ɗakin sai wanda ya tafi da wanda ya dawo daga bango su haɗu, a wani wuri su taru suyi ƙarfi a wani wuri su kashe juna. Lissafin ba wuya, ka raba 343 ɗin nan na gudun sauti da ninki biyu na tsawon ɗakin. Gefen mita 5 zai ba ka wajen 34 Hz, gefen mita 4 wajen 43 Hz, sannan da ninkinsu. Waɗannan sautukan a jikin bango suke taruwa, a lungu ma abin ya fi yawa, a tsakiyar ɗaki kuma nan ne na farkon yake mutuwa. Shi yasa murɗa maɓalli bai yi komai ba, in ka ƙara ƙarfin mai tafiya ka ƙara na mai dawowa, su sake kashe juna, sai dai ka wahalar da amfilifaya da mutanen gida. Ɗan'uwanmu na Kano mai sha biyu sha biyu nasa ma ya fi tsanani, tsawo da faɗi ɗaya ne dan haka duka biyun a wajen 47 Hz suke haɗuwa, shi yasa ma'aunin da na ba shi ya kauce wa tsakiyar ɗakin.

Mu kuma al'adar falonmu kujeru a jikin bango suke zagaye, wato daidai inda bes yake taruwa. Ba sai ka rushe tsarin falon ba, ka ware kujera ɗaya ta sauraro wadda zaka iya jawowa. Masu situdiyo suna yawan farawa da zama a wajen kashi 38 cikin 100 na tsawon ɗaki, ba doka bace amma mafari ne mai kyau, a naka kusan mita 1.9 kenan daga bangon gaba ko na baya. In dole sai a jikin bango, ko santimita 40 ka jawo kujerar zaka ji sauƙi, ka kuma sa wani abu mai kauri mai laushi a bangon daidai bayan kanka. Sifikun ma in suna cikin lungu fito da su, musamman masu rami a baya, waɗannan suna son a bar musu fili.

Wufar da kake da ita kuma ga yadda zaka samo mata wuri. Ɗora ta a kan kujerar da kake zama, ka kunna kiɗa mai bes da yake hawa da sauka, ka durƙusa ka bi gindin bango a hankali kana saurare. Wurin da kaji kowane bugu ya fito daidai da ɗan'uwansa, ba wanda ya yi ihu ba wanda ya ɓace, nan zaka ajiye ta, kai kuma ka koma kujerarka. In kana da kwamfuta kuma kana son ka gani da ido akwai manhajar REW kyauta ce, da makirufon awo take aiki ta zana maka inda bes ya yi tudu da inda ya yi rami. Kuma in zaka yi duk wannan gwajin kashe fankar sama, fukafukanta suna sa sauti ya dinga rawa, ga ƙarar iskar tana rufe ƙananan abubuwa.

TAMBAYA: Ɗana ya auna komai da tef, ya duba wayoyi, amma ni har yanzu murya ta hagu nake jinta. Shi kuma yace a tsakiya take.
Daga wani dattijo a Katsina

AMSA: Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. A fara duba maɓallin balans na amfilifaya, mai karkata sauti hagu ko dama, ko yana tsakiya, in daga waya ake kunnawa a shiga saitin taimakon ji a duba nata balans ɗin, a kuma tabbatar ba a kunna mono ba, wato saitin da yake haɗe hagu da dama su zama ɗaya. Sai a musanya sifikun, ta hagu ta koma dama. In karkatar ta bi sifikar toh ita ce mai rauni, wataƙila tuwitarta ta ƙone. In bata bi ba a dubi ɗakin, bango a gefe ɗaya da buɗaɗɗiyar ƙofa a ɗaya gefen yana jan sauti zuwa wajen bangon. Amma tunda yaron yana zama a kujerar nan yaji ta a tsakiya, ina ganin a duba kunnen ma. Ku sa abin kunne a kunna karatu, sannan ku juya shi na dama ya koma hagu, in duka biyun ta hagu kuke ji toh kunnen dama ne ya rage ji. Sau da yawa dattin kunne ne ya toshe kuma a asibiti ana wanke shi cikin sauƙi, kar dai a sa tsinke ko gashin kaza. In kuma jin ya ragu ne farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, wannan a je wajen likitan kunne da gaggawa kar a jira. Kafin nan a murɗa balans ɗin kaɗan zuwa dama har muryar ta dawo muku tsakiya, dama dan irin haka aka yi maɓallin.